Ɗiyan Shamuwa a Shekarar da Ruwa Ya Ɗauke

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron masu ilimi su yi mini dariya. Abin da ya fi wannan damuna shi ne kada wani ya karanta ya ce ina tono camfin da aka riga aka binne, ni kuwa ban son ɗaukar zunubin kowa. Sau da yawa nakan fara in ajiye. Amma bana ruwa ya ɗan ɗauke mana bayan shuka a nan Birnin Kebbi, ina zaune ƙofar gidan ɗana a Nasarawa bayan la'asar, zafi ya hana kowa magana, sai na hangi shamuwa guda tsaye a kan ƙarfen sabis na waya, baki buɗe tana haki. Ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Ni kuwa na zabura, har shayin da ke hannuna ya zube.

Sunana Arzika. A lokacin da nake ba da labari ina saurayin magidanci a wani ƙauye kusa da Argungu, ba nisa da gulbi. Matata Kulu tana goyon ɗiyarmu ta fari. Mahaifina ya rasu, gidan yana hannun yayansa, Baba Nomau, mutum mai kaifin murya wanda ba a maimaita masa magana.

A ƙofar gidanmu akwai wata tsohuwar tsamiya. Kowace shekara, gab da damina, shamuwa sukan zo su yi sheƙa a kanta. Ga wanda bai san ta ba, tsuntsuwa ce baƙa mai dogayen ƙafafu, ƙirjinta da cikinta farare. A wurinmu zuwanta shi ne labarin ruwa. In an gan ta, sai a fito da iri a fara gyaran kalme, wato fartanya. Kuma ba a taɓa ta. Ba a jifar ta, ba a hawa wurin sheƙarta, ba a ɗaukar ƙwanta. Yaron da ke kashe kurciya da danƙo, in ya ga shamuwa sai ya mayar da dutsensa aljihu. Ba wanda ya taɓa gaya mini abin da zai sami wanda ya taɓa ta. Rashin faɗar ma shi ya fi ban tsoro.

A shekarar sun zo kan lokaci. Ruwan farko ya sauka, muka shuka hatsi a tudu, muka watsa shinkafa a fadama. Na biyu ya biyo, shuka ta fito kore shar. Daga nan sama ta rufe.

Ban san yadda zan kwatanta wa yaran yanzu wannan zafin ba. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Ganyen hatsi ya nannaɗe kamar an murza shi, daga baya ya fara fari daga baki. Fadama ta tsage har mutum na iya sa hannu a tsagar. Mukan fita gona da sassafe don kunyar zama gida, mu tsaya mu duba, mu dawo, don ba ciyawar da za a nome. Rumbu ya kai ƙasa. Kulu takan auna hatsi da ɗan ƙoƙo, ta haɗa da dussa ta dama mana kunu sau ɗaya, da yamma kuma tafasa ce ko rama da ɗan ƙuli. Mata suka koma tonon bado a sauran laka. Kowace yamma hadari yakan taso daga gabas, baƙi ƙirin, mu fito da tukwane, sai iska ta zo ta watsa shi, a mayar da tukwane.

Irin wannan iskar ce ta karya reshen tsamiya. Bayan la'asar ne. Muka ji ƙara, muka fito, ga reshe a ƙasa da sheƙa a warwatse. Uwar tana ƙarƙashin icen, wuyanta a karye. Ɗiya uku ne a ciki. Guda ya riga ya mutu, biyu suna motsi cikin ƙirare, jikinsu duk farin gashi mai laushi, kai ya fi ƙarfin wuya.

Mutane suka kewaye, ba wanda ya matsa. Baba Nomau ya zo yana dogara sanda.

"Kowa shi ja da baya," in ji shi. "Kar wanda yat taɓa. Mai abu shi ka kula da abinai."

Aka watse ɗaya bayan ɗaya. Ni na kasa tafiya. Uban yana kewaya tsamiyar a sama, bai sauko ba. A kan katanga kuma ga mussar maƙwabta, wato kyanwa, ta kwanta ta zuba ido. Na tsaya ina lissafi. In na ɗauka, na taɓa abin da ba a taɓawa. In na bari, a ƙofar gidanmu za a cinye su ina kallo, kuma ban san wa za a tambaya ba ranar gobe. Na tuɓe riga na naɗe su, na shiga gida ta baya.

Kulu na ganin rigar tana motsi ta miƙe.

"Mi kaɗ ɗauko muna?"

Na buɗe. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni Kulu! Malam, abin da za mu ci babu, ka kawo muna baki biyu, kuma na shamuwa? Baba ya sani?"

Na ce bai sani ba. Ta dube su. Can ta tashi ta ɗauko tsohon kwando ta shimfiɗa tsumma.

Mun yi musu abin da muka sani. Duk wanda ya tashi a gidan manomi, in ya ga ɗan tsuntsu hatsi yake tunawa. Kulu ta jiƙa tsaki daga cikin rabonmu, suka ƙi. Ta dama fura ruwa-ruwa muka ɗura musu da kara, suka amayar. Washegari ƙaramin ya daina ɗaga kai. Na rasa wanda zan tambaya, don tambaya tona asiri ce. A ƙarshe na tafi gulbi wurin abokina Manu, masunci ne, tare muka yi firamare. Na same shi yana ɗinkin komar kamun kifi a inuwar jirginsa da ya kife, don ruwan ya janye ya bar jirage a kan yashi. Na gaya masa a hankali. Ya yi dariya har ya ajiye allura.

"Hura kab ba su? Kai Arzika! Ka taɓa ganin shamuwa bisa zangarniya? Abin da ka motsi shi taka ci. Hwara, kwaɗi, 'yan kihi. Tashi mu tahi, uwar shamuwa."

Sunan da ya bi ni ke nan har na bar ƙauyen.

Muka bi sauran kududdufai. Kwaɗi sun shige cikin tsagar laka, sai an tona da hannu. Ya ba ni 'yan ƙananan kifi daga abin da ya kamo, wanda shi ma bai isa gidansa ba. Da na zuba a gindin kwandon, babbar ta kai baki ta haɗiye kwaɗo ɗungurungum, ta sake buɗe baki. Ƙaramin bai ko duba ba. Kafin azahar ya mutu a tafin hannuna.

Na zauna da shi na kasa motsi. Shamuwa ta mutu a hannuna, a cikin ɗakina. Na binne shi bayan rumbu, na wanke hannu har sau nawa ban sani ba. Daga ranar, in ɗiyarmu ta yi tari sai in tashi in taɓa goshinta. In na yi tuntuɓe sai in ce ga shi ya fara.

Babbar kuwa ta yi ta ci. Kulu ta sa mata suna Baƙuwa. Cinta ya ba ni tsoro, abin da na wuni ina nema takan gama shi kafin in zauna. Wata rana na dawo da kifin Manu, Kulu ta tare ni a bakin ɗaki, goyo a bayanta, idonta ya faɗa. Ta dubi kifin, ta dubi kwandon.

"Rabi nata, rabi na miya," ta ce. "Ni ma ina da mai shan nono."

Haka muka riƙa yi.

Ba a ɓoye shamuwa a gida. Tana kuka in ta ji yunwa, kashinta fari ne mai wari, kuma an ga ina yawo da gora ina kamun fara da tsakar rana. A makon ne aka fita roƙon ruwa. Muka je filin idi da riguna a juye, tsofaffi na kuka, mata suka raba ɗan gumbar da suka iya haɗawa. Yamma ta yi, hadari ya taso, iska ta watsa shi.

Sai magana ta fara. An ce Arzika ya tsare shamuwa a ɗaki, shi ya sa sama ta ƙi buɗewa. Kowa ya san ruwa ya ɗauke tun kafin reshen ya karye, amma mai jin yunwa ba ya wannan lissafin. Mata suka daina zuwa ɗibar wuta wurin Kulu. A bakin rijiya, in ta ajiye tulu sai a matsa. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma na fara yarda. Nakan ce, to, in da gaskiyarsu fa? In gonakin gari duka suna ƙonewa saboda abin da ke cikin kwandona fa?

Baba Nomau ya kira ni zaure. Bai ce in zauna ba.

"Na hana, ka yi. Ban yi magana ba don ina jiran ka zo da kanka. Yanzu gari ya ɗauka. Ka maishe ta inda kaɗ ɗauko ta."

"Baba, in na aje ta ƙasa mussa na cinye ta kahin magariba."

"Wanga ba naka ba ne. Ɗan nan, kana son a ce gidan ubanka ne ya hana mutane ruwa?"

Na tafi wurin liman. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ruwa na hannun Allah, tsuntsu ba ya riƙe shi, ba ya sakinsa, kuma tausayin dabba ba ya zama laifi. Na fara jin sanyi. Sai ya ƙara da cewa Baba Nomau uba ne gare ni, kada in saɓa masa. Na fito da kaya biyu maimakon ɗaya.

Kulu ce ta samo hanya. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ai ba ƙasa taf fito ba. Bisa ta hwaɗo. In maishe ta za a yi, bisa za a maishe ta."

Ni kuwa tun ina yaro ban taɓa hawa icce ba. Ko kan rumbu na hau sai ƙasa ta riƙa juya mini. Amma washegari da sassafe na ɗaura kwandon a baya kamar goyo, na rungumi tsamiyar. Ban duba ƙasa ba. Na kai wasu rassa biyu da suka rabu, ƙasa da sauran sheƙuna, na ɗaure kwandon da igiyar rama, na kafa guntun tabarma ta gefen rana, don na lura iyayen sukan buɗe fiffike su yi wa ɗiyansu inuwa. Manyan shamuwa suna ta kaɗa baki a kaina. Da na sauko na zauna a gindin icen. Baba Nomau yana ƙofar zaure yana kallo. Ya dubi sama, ya dube ni, ya shige ciki.

Daga nan safe da yamma sai na hau, gorar abinci a wuya, ruwa a ɗan buta. Tsoron bai ragu ba ko sau ɗaya. A can sama na ga abin da na ƙasa ba su gani. Wasu sheƙunan an bar su, iyayen sun gaji da nema sun tafi, ɗiyan sun bushe a ciki. Warin yakan biyo ni har gida. Baƙuwa kuwa baƙin gashi ya fara fito mata, tana tsayawa da ƙafafunta, in ta hango kaina sai ta sunkuyar da nata tana kuka.

Ruwa bai zo ba. Maganar gari ta canja, aka ce ai har yanzu hannunsa na kanta.

Ranar da abin ya faru, tun azahar iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Zufa na zuba ko mutum na zaune. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi irin wanda ban taɓa gani ba, har kaji suka shiga akurki. Ba wanda ya fito da tukunya, an gaji. Sai iska ta taso. Na ji tsamiya tana ƙara, na tuna igiyar ramar da rana ta riga ta cinye. Na fita da gudu. Kulu na kira, ban tsaya ba.

Ina hawa icen na lanƙwasa. Na tarar igiya ɗaya ta tsinke, kwandon ya karkace, Baƙuwa ta manne a gefe. Na sa ƙafafu na maƙale reshe, hannu ɗaya na rungumi kwandon, ɗayan na riƙe icce. Ba halin ɗauri, ba halin sauka. Walƙiya ta haska har na ga gulbi fari fat daga nesa, tsawa ta biyo na ji ta cikin haƙorana. Tun muna yara ake hana mu tsayawa gindin icce in ana tsawa, ga ni a kansa. Na ce shi ke nan, abin da ba a faɗa ba yau zai same ni. Na yi kalmar shahada. A ƙasa ina jin muryar Baba Nomau, ba irin wadda na sani ba.

"Arzika! Sauko! Bar ta, sauko don Allah! Mi za ni ce ma ubanka?"

Sai wani abu mai sanyi ya bugi wuyana. Na ɗauka kashin tsuntsu ne. Wani ya sake bugu, sai ƙamshin ƙasa ya taso. Ruwa ya kece kamar ana juye shi da masaki. Ina jin guɗar mata daga kowane gida, da ƙarar tukwane, ni kuwa ina maƙale ina kuka, tsuntsuwar tana cusa kai cikin hammatata. Sai da iska ta lafa Manu ya hau da igiyar jirgi ya ɗaure kwandon, ya sauko da ni kamar buhu.

Washegari Baba Nomau ya ce a zaure, "Na ce a maishe ta, an maishe ta, ga ruwa." Manu ya ce, "Da an bar ta ga mussa fa, Baba?" Liman ya ce su duka su yi istigfari. Ni kuwa kowace daga cikin maganganun biyu na ɗauka, ta Baba ko ta Manu, tsoro take ba ni.

Damina ta zauna, ko da yake a makare. Muka sake shuka inda ya ƙone. Gulbi ya kawo ruwa, kwaɗi suka cika ko'ina, fara ta yi yawa. Baƙuwa ta fara tashi. Sai dai ba ta bi 'yan'uwanta fadama ba, ni take bi. Ina noma tana bayana tana tsintar abin da kalme ya tono. In na zauna ta tsaya gefena. Mutanen da suka guje mu suka koma aiko yara kallo.

Da kaka ta gabato, shamuwa suka fara taruwa a fadama. Wata rana da hantsi suka tashi gaba ɗaya, suka yi ta kewayawa suna hawa har suka zama ɗige-ɗige, suka nufi kudu. Na dawo gida na tarar da Baƙuwa a kan rumbu tana jirana.

Manu ya ce in ta kai rani za ta mutu, don ba kwaɗo ba fara, kuma ba a taɓa ganin shamuwa ta yi rani a ƙasarmu ba. Na ce zan nemo mata. Baba Nomau ne ya kira ni, wannan karon ya ce in zauna.

"Hana ta," ya ce. "Muddin tana samu hannunka ba ta tahiya. Hana ta, ka kore ta."

Hawan tsamiya bai kai wannan wuya ba. Na daina ba ta abinci. Takan sauko gabana ta sunkuyar da kai tana kukan nan na ƙuruciya, ni kuwa in kaɗa mata riga. Ta koma kan rumbu, ta sake saukowa. Kulu takan shige ɗaki ta rufe ƙofa. Kwanaki muna haka, tana ramewa ina gani, kullum ina cewa gobe zan ba ta ko kwaɗo ɗaya ne, kullum ina hana kaina. Wata safiya da rana ta ɗaga, ta tashi daga rumbun, ta kewaya gidan, ta yi ta hawa. Na tsaya a tsakar gida har wuyana ya ƙage. Kudu ta nufa, amma ita kaɗai, da yunwa a cikinta, kuma 'yan'uwanta sun daɗe da wucewa.

Da damina ta zagayo shamuwa suka dawo tsamiya. Na fita da kwaɗi a gora na tsaya a fili. Ba wadda ta sauko.

Baba Nomau ya rasu, Manu ma haka. Kulu ta ce in bar zancen, tsufa ya zo. Na kasa. Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanen kudu da direbobin da ke tafiya ƙasashe masu nisa, da waɗanda suka yi karatun tsuntsaye: ina shamuwa suke zuwa in sun bar mu? Tafiyar tana da nisa ƙwarai? Kuma wadda mutum ya raina da hannu, ta tashi a makare ba jagora, tana iya gane hanya, ko sai an nuna mata? Wanda ya sani ya rubuto ta inda ya ga wannan rubutu, zai iso gare ni. Ko amsar ba mai daɗi ba ce, don Allah a gaya mini yadda take, kada a lallashe ni.